A Duba Hatsi Kafin A Sauya Rumbu

Jama'a, yau muna so mu ja hankalin malaman makaranta da akawuna na ƙasar Gaya da Ajingi a kan wani aiki da ake yi can nesa da su, alhali kuwa su ne zai fi shafa.

Duk ofishin da ya mai da rajistarsa kan shafin intanet, to, sunayen yara da makinsu suna ajiye ne cikin wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ke ba da hayar wuri. Manhajar da ke tsare su ita ce ake kira rumbun bayanai. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa sunanta MySQL. A 2008 kamfanin Sun ya saye ta, a 2010 kuma Oracle ya saye Sun ɗin. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta, Michael Widenius, mutumin Finlan, bai amince da cinikin ba, ya ware ya kafa MariaDB a 2009. Wikipedia ta koma kanta a 2013, masu ba da haya da yawa suka bi. Har wa yau tsohuwar MySQL 5.7 an daina yi mata gyara tun Oktoba 2023. Saboda haka ba mu ƙi a sauya ba. Rumbun da mai shi ya daina yaɓe, ɓera ne ke gadonsa.

Abin da muke tsoro shi ne haruffanmu masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. Shekara da shekaru waɗannan rumbuna suna zuwa ne da tsarin haruffa mai suna latin1, wanda aka yi domin harsunan yammacin Turai, babu ko ɗaya daga cikin ukun nan a cikinsa. Sai a 2018 MySQL 8.0 ta mai da utf8mb4 tsarinta na asali, shi kuwa ya san su duka. To, sau da yawa shafi yana zuba rubutu irin na sabon tsari cikin rumbu mai tsohon tsari, ya kuma ɗebo shi yadda ya zuba, ba wanda ya ga aibu. Ranar ƙaura asiri ke tonuwa. In ma'aikaci ya juye ba da lura ba, Baƙo ya zama BaÆ™o, Ɗahiru ya zama ÆŠahiru. Wannan ma da sauƙi, gwani yana iya mai da shi. Mafi muni shi ne inda harafin ya koma alamar tambaya, domin a nan ya tafi ke nan, sai an koma ga takarda. Akawu ya nemi yaro ya rasa, uban yaro kuwa yana tsaye bakin taga.

Wani zai ce a zubar da ƙugiyar mana a huta. Mu da muke koya wa ɗalibai bambancin baki da baƙi, da kafa da ƙafa, ba za mu yarda da wannan ba.

Roƙonmu ga shugabannin ilmi na Gaya da Ajingi shi ne kada a sa hannu a takardar sauyi sai an ɗauki kwafin tsohon rumbu, an gwada buɗe shi, an ajiye shi a hannun ofis, ba a hannun ɗan kwangila kaɗai ba. A yi aikin lokacin hutu, ba makon jarrabawa ba. Sa'an nan a zaunar da akawu ɗaya da malamin Hausa ɗaya, a ba su littafin rajista na takarda, su bi sunaye masu ƙugiya aji aji. Sai sun ce daidai ne a biya ɗan kwangila sauran kuɗinsa.