An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Wahalar Yi Wa Sabon Babur Lamba a Abuja

'Yan uwana mazauna Abuja da kewaye, na Dei-Dei da Zuba da Gwagwa da Karmo da Mpape, har da na Nyanya da maƙwabtanmu na Mararraba. Yau maganar babur zan yi, amma ba ta gudu da ganganci ba, wannan an sha yi mana ita. Maganar takarda ce. Abin da nake son faɗa shi ne: takardar da ake hana mutum lamba a kanta, sannan a kama shi a titi don ba shi da lambar, tun asali ba a hannunsa take ba. Tana hannun wanda ya shigo da kwantena. An bar jaki ana dukan taiki.

Ni ba lauya ba ne. Sakandare na gama na koma rumfar mahaifina, to amma ɗan kasuwa ko bai san komai ba ya san yadda kaya ke tafiya daga hannu zuwa hannu. Baburan nan da muke hawa, Bajaj da TVS daga Indiya suke zuwa, Jincheng da Haojue daga Sin. Mafi yawansu a wargaje ake loda su cikin kwali, a cika kwantena, a sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas. Mai kayan ya biya kuɗin fito a kan lodin baki ɗaya, kwastan su ba shi takarda da sunan kamfaninsa. Daga nan babban dila ya ɗebi nasa, ya sayar wa matsakaici, shi kuma ya sayar wa mai shago a bakin titin Zuba ko Suleja, wanda zai sa yara su haɗa maka naka a gabanka. A kowane hannu babur yana wucewa, takarda tana tsayawa. Kai na ƙarshe, da ka ƙirga kuɗin guminka, abin da za ka fito da shi rasit ne mai hatimin roba da makulli biyu.

Na sani, domin ya faru da ni. Baba ya ce a sayi babur don kai wa abokan ciniki kaya a unguwannin bayan gari, inda mota ke shan wahalar shiga. Shago bakwai na zaga ina tambayar takardar kwastan kafin in biya, amsa ɗaya nake samu. Na ƙarshen, dattijo ne mai mutunci, na ce masa, "Alhaji, idan aka tambaye ni shaidar fito fa?" Ya ce, "Samari, ni ma da ka gan ni ban taɓa riƙe ta ba, tana Legas." Ya yi ƙoƙari ya samo mini hoton takardar, wanda aka yi ta gurzawa daga wani hoton har rubutun ya dushe. Na kai wani ofishi, aka ce lambar babur ɗina ba ta fito a jiki ba, in kawo takardar shaida daga kamfani. Kamfanin ba su san ni ba, ba su san Alhaji ba, wanda suka sani shi ne dila na uku a sama da shi. Sati biyar ina sintiri, babur yana jingine a zaure, Baba yana biyan ɗan dako. Kullum na fito, ga wani ejan a ƙarƙashin bishiya yana ce mini in ba shi ninki uku na kuɗin, jibi in zo in karɓi lamba, ba ruwansa da wata takarda.

To jama'a, ku taya ni tunani. Idan takardar nan wajibi ce, ta yaya ejan ke samo lamba ba tare da ita ba? Idan kuma ba wajibi ba ce, don me ake mayar da mai gaskiya gida? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagar akwai masu ci da ita.

Kada wani ya ce kuɗi ne ba ma son biya. A farashin da hukumar haɗin gwiwa ta haraji ta fitar a watan Yuni na 2025, lambar babur naira 12,000 ce, lasisin tuƙa babur na shekara uku kuma 7,000. Inshorar dole ta babur, yadda aka ƙayyade ta daga Janairun 2023, naira 3,000 ce. Ka haɗa, 22,000 ke nan, ban da kuɗin rajista da ƙananan abubuwa. A 2025 sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Wane mai hankali ne zai zuba miliyan, sannan ya yi kasadar rasa ta a kan dubu ashirin da 'yan kai? Mutanenmu ba kuɗin suke gudu ba, sintirin suke gudu, da wulaƙancin, da kwanakin da za su ɓata ba su nemo na cefane ba.

Dubi yawan hannun da ke kan babur guda. Kwastan ke da shaidar fito. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke buga lamba. Hukumar kula da zirga-zirga ta Abuja, wadda muka fi sani da VIO, ita ke rajista. Kamfanin inshora na da tasa takardar. 'Yan sanda na da nasu kundin. Ma'aikatar kuɗi ta buɗe nata a 2021. Ga kuma lambar ɗan ƙasa ta NIN, inda za ka tarar kai Muhammad ne a kati, Mohammed a rasit, Muhammadu a lasisi, a ce sai ka je kotu ka yi rantsuwa cewa kai ne kai. Dukkansu suna da kwamfuta, amma ɗan talaka ne zai riƙa ɗaukar takarda a leda daga wannan ƙofa zuwa waccan, kamar shi ne masinjan gwamnati.

Su kansu manyan ba su daidaita a tsakaninsu ba. A 2023 aka ɓullo da naira 1,000 duk shekara don sabunta shaidar mallaka, wato ka biya a tabbatar maka cewa abin da ka saya bara har yanzu naka ne. A watan Yuli na 2024 'yan sanda suka sa ranar fara kamen wanda bai yi rajistarsu ta intanet ba, jama'a da lauyoyi suka yi caa, Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya dakatar da kamen. A watan Oktoba na shekarar dai, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa VIO ba ta da hurumin tsayar da abin hawa a titi, ko ƙwace shi, ko cin tara. Idan masu digiri da lauyoyi suna jayayya a kan wa ke da ikon me, ina ga yaron da ya baro ƙauye jiya?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, an taɓa yin wannan muhawarar an gama. A watan Maris na 2017, shugaban kwastan na lokacin, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ya ba masu motoci wata guda su je su tabbatar an biya wa motocinsu fito, in ba a biya ba su biya. Majalisar Dattawa ta tashi tsaye, aka yi ta ce-ce-ku-ce har da rigimar sa kaki, daga ƙarshe aka jingine shirin. Hujjar da aka kafa a lokacin ita ce bai kamata a kama wanda ya sayi mota a cikin gari da laifin wanda ya shigo da ita ba. Magana ce ta gaskiya. Amma da yake mota ce, abin hawan manya, an samu masu magana. Mai babur wa zai tsaya masa a majalisa?

Na san abin da wasu za su ce: tsaro. Za su ce da babur marar lamba ake ƙwacen waya, da shi 'yan bindiga ke shiga ƙauyuka. Za su tuna mana cewa tun Oktoban 2006 minista Nasiru El-Rufai ya hana acaba a tsakiyar birni, Kano ma ta hana a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Za su kawo rikicin Dei-Dei na watan Mayun 2022, da aka rasa rayuka aka ƙona dukiya har aka rufe kasuwa. Duk na yarda, mu ne ma muka fi kowa jin zafin wannan rikicin, don a unguwarmu aka yi. Amma wannan hujja ai tawa ce, ba tasu ba. Wanda ke son a gane kowane babur da mai shi, sauƙaƙa rajista zai yi har ta zama babu mai uzuri. Ɓarawo ba ya zuwa layi, shi ne ma babban abokin cinikin ejan. Wanda ake kora daga layi shi ne mai gaskiya, ya gaji ya hau haka nan, ranar da tsautsayi ya faɗa masa a loda babur a mota. Mun sha ganin hotunan ɗaruruwan babura ana murƙushe su da katafila a Abuja. Wanda ya shiga Wuse ko Garki yana acaba ya san ya karya doka, lamba ba za ta cece shi ba, ban kuma ce ta cece shi ba. Ina maganar wanda aka hana hanyar bin doka tun daga ƙofa.

Maganin ba boyayye ba ne. A Indiya, inda ake ƙera Boxer ɗin nan, tun Afrilun 2019 kamfani ke samar da lambar sabon abin hawa, dila ya ɗaura ta. Ba ma sai mun je Indiya ba. Layin waya na 'yan ɗaruruwan naira, a nan ƙasar, ba ya aiki sai an yi masa rajista da sunanka a wurin da ka saya. Me ya hana a yi wa kayan miliyan haka? A tilasta wa duk mai shigo da babura ya shigar da lambar jikin kowanne a kundin kwastan ranar da ya biya fito, ma'aikacin rajista ya latsa ya gani da kansa. A hana dila sakin babur sai da lamba, kuɗinta a cikin farashi. Idan aka samu wanda ba a biya wa fito ba, a bi rasit a koma sama har a kai ga mai kwantena. Shi yana da ofishi da adireshi da lauya, ba zai ɓata ba.

Sai dai fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma akwai namu. Mutum ya sayi babur, a rubuta rasit da sunan ubangidansa ko wansa da ke gida, ranar rigima a rasa mai shi. Wani ya saya hannu na biyu a tasha, babu shaida babu yarjejeniya. Wani ko duba rasit ɗin ba zai yi ba. Ɗan uwa, kafin ka bar shago, duƙa ka karanta lambar da aka buga a wuyan babur, haruffa da alƙaluma 17 ne, babu harafin I ko O ko Q a ciki, in ka ga an rubuta maka O to sifiri ne, a gyara nan take. Ka gwada lambar inji ita ma. Sunanka ya zama daidai da na katin ɗan ƙasa, harafi da harafi. Kuɗin gwamnati kuma a biya ta banki, a riƙe shaida.

Kira na ga sarakunan Hausawa na unguwanninmu, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaba masu yanka tikiti kullum safiya, da dilolinmu. Mu ne kasuwar baburan nan a Abuja. Da za mu haɗa baki wata ɗaya tak mu ce ba ma sayen babur sai da takardar shaida mai ɗauke da lambarsa, wallahi da kansu za su aiko da ita daga Legas, don ɗan kasuwa ba ya wasa da ciniki. Shugabanni kuma su rubuta wa ministan Abuja da 'yan majalisarmu a kan rajista a wurin saye, su sa hannu da sunayensu, su bi sawu. Kuɗin tikitin da ake karɓa ya isa ɗaukar lauya.

Wanda ya san wani dila da ke bayar da cikakkun takardu, don Allah ya sanar da 'yan uwa a masallaci da majalisa, mu kai cinikinmu can. Allah Ya kare mana dukiyarmu, Ya sa mu dace.