Ko ƙaramin firji zai ceci kwamfutocin maƙwabtanmu daga zafi?

Duk wanda ya taɓa shiga shagon intanet a Yamai ko Injamena a watan Afrilu ya san yadda kwamfuta ke yin nauyi da tsakar rana, wani lokaci ma ta mutu da kanta. Ba lalacewa ta yi ba. Ƙwaƙwalwarta ce ke rage gudu idan zafinta ya kusa digiri 100, don kada ta ƙone.

Matsalar ita ce fankar da ke ciki ba ta sanyaya iska, iskar ɗaki kawai take hurawa. Idan iskar ta kai digiri 45, kamar yadda ake gani a bazara, to zafi ake kora da zafi. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe ramukan iska. Idan ba a manta ba, a watan Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Wannan ne ya sa batun ƙaramin firji ya ja hankalinmu. Aikinsa daidai yake da na firjin gida: ɗan kwampreso yana zagaya da gas, gas ɗin ya kwashe zafi daga kan ƙwaƙwalwar, har ta fi iskar ɗaki sanyi. Kamfanin IBM ya yi amfani da wannan dabara a manyan kwamfutocinsa tun 1997, sannan a 2008 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka suka bayyana ƙoƙarinsu na ƙera wanda zai shiga kwamfutar tafi-da-gidanka.

To amma fa har yau bai zama ruwan dare ba, kuma da dalili. Abu mai sanyi yana gumi, ruwa kuwa ba ya ga maciji da kayan lantarki. Babban cikas kuma shi ne firjin kansa yana shan wuta, wadda ita ce maƙwabtanmu ba su da ita. Lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga Nijeriyar yake zuwa. Mai shagon da ke auna man janareta da kwalba ba zai ƙara wa kansa wani bakin ci ba.

A ganinmu mafitar ta ɓullo ta wata ƙofar. Galibin wayoyin hannu ba su da fanka, haka ma MacBook Air da Apple ya fitar a ƙarshen 2020, domin ƙwaƙwalwarsu wuta kaɗan take ci, zafi kaɗan take fitarwa. Saboda haka ma'aikatun da ke sayo wa makarantu da ofisoshi kwamfuta a Nijar da Chadi, kafin su tambayi ɗan kwangila saurin na'ura, ya kamata su fara tambayarsa wat nawa take ci.