KASUWA DA AIKI: Dala ga baki, tamma ga waya



Kaka ta wuce, an ɗaure damma, an rufe rumbu. Samari sun fara ɗaukar jaka suna tafiya bida: wasu Abijan, wasu Lome, wasu Kano, wasu kuma wajen zinariyar Jado da anka gano a 2014. Nan da ƴan kwanaki saƙon kuɗi zai fara shigowa ƙauyukanmu. Shi ya sa wanga wata za mu yi magana bisa wani abu da ke ci ma mutane kuɗi a ɓoye. Mu da dala muke ƙidaya. Waya da takarda kuwa da tamma suke rubutu, wato faran na sefa.

JIYA DA YAU

A da, in ɗanka ya samu wani abu can, hanya biyu gare shi. Ko ya yi manda gidan waya, ka yi sammako zuwa birni ka bi layi, ko ya damƙa ma direba ko wani ɗan gari mai komowa gida. Wani lokaci saƙo ya iso, wani lokaci ya kwana hanya har abada.

Yau abin ya sake. Kamfanonin aike kamar Al Izza da Nita da Amana sun buɗe rassa cikin garuruwa da manyan kasuwanni. Kamfanonin salula su ma suna da nasu: Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash. Tun 2010, shekarar ƙarancin cimaka, ƙungiyar agaji ta Concern ta raba ma mata kuɗin taimako ta waya cikin ƙauyukan jahar Tawa, da hanyar da ake ce ma Zap a lokacin. Yanzu kuwa mai albasa na Galmi yana karɓar kuɗinshi daga Abijan yana zaune gida. Wannan ci gaba ne, mun gode Allah. Amma kowace sabuwar hanya da irin ramunta.

KUƊIN DA BA SU DA KAMA

Tsohuwar da ba ta taɓa riƙa alli ba, ba ka cutarta da takardar kuɗi. Ta san ta ɗari mai dorina. Ta san jika guda ja ce mai raƙuma, jika biyu shuɗiya mai kifi, jika biyar tsanwa mai namun dawa, jika goma mai tsuntsaye. Idonta da hannunta sun isar mata.

Cikin waya babu raƙumi, babu kifi, babu launi. Lambobi ne kawai a jere. Lambobin nan kuma ba su san dala ba. Dala guda tamma biyar ce. In ka ce «ɗari» cikin kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, kowa ya san takardar nan mai dorina kake nufi, alhali bisa gabanta 500 anka rubuta. In ka ga 100 a rubuce, dala ishirin ce kawai.

Mu ɗauki misali. Wani ya saida akuya jika bakwai da ɗari. Mai saye ya ce ta waya zai biya, ya buga 7.100. Mai akuya ya duba, ya ga bakwai, ya ga ɗari, ya ce madalla. Alhali jika bakwai da ɗari 7.500 ake rubuta su. Abin da anka ba shi jika bakwai ne da ishirin. Ya yi hasarar dala tamanin yana godiya. Wani lokaci mai sayen ma bai yi da gangan ba, shi ma lissafin ne ya ruɗe shi.

GA YADDA AKE YI

Ku kwafe waɗanga cikin kaye, ko bisa bangon kwali, ku aje kusa:

Dala biyar: 25
Dala goma: 50
Dala ishirin: 100
Dala hamsin: 250
Dala ɗari: 500
Ɗari da hamsin: 750
Jika guda: 1.000
Jika goma: 10.000
Jika ɗari: 100.000

In kuɗin suna da yawa, ka fara ƙidaya daga dama. Ka rufe lambobi ukku na ƙarshe da ɗan yatsa. Abin da ya rage hagu, shi ne yawan jikkuna. In ka rufe ukku na 15.000, sai ka ga 15: jika goma sha biyar. In ka rufe ukku na 150.000, sai ka ga 150: jika ɗari da hamsin. In ka rufe ukku na 1.500, sai ka ga 1: jika guda, da ɗari bisa. Sifiri guda ne tsakaninsu, amma sifirin nan ya isa ya kashe jarin mutum. Wata waya tana sa ɗigo tsakani, wata tana barin fili, wata kuma tana haɗe su duka. Kada wannan ya dame ka, kai dai ƙidaya ukku daga dama.

Lambobi ukkun da ka rufe, su ne canjin da ke bisa jika. In kana son ka maida su dala, ka ninka su biyu, ka cire sifirin ƙarshe. Misali 350: ninki biyu 700, a cire sifiri, saura 70. Dala saba'in ke nan. In kuma dala kake son ka rubuta cikin waya, ka ƙara mata sifiri, ka raba biyu. Dala tamanin: 800, rabinshi 400.

GA MAI AIKE DA MAI KARƁA

Na farko, ku daidaita magana tun can. Kai mai aikowa, faɗa ma tsohonka da baki: «Baba, jika goma sha biyu da hamsin na aiko, an riga an biya kuɗin aike.» In daga Najeriya ko Gana kake, ka faɗi abin da zai karɓa da sefa, ka bar zancen naira ko sidi, tun da farashin canji ba ya zama wuri guda.

Na biyu, kada ka bar bakin taga ba takarda. Ka ƙidaya kuɗinka nan gaban ma'aikaci, ka karɓi resi, ka aje shi har maganar ta mutu. Game da kuɗin salula, Babban Bankin BCEAO na ƙasashe takwas masu sefarmu ya fidda doka tun 2015 cewa kowane aike sai an ba mai shi shaida wadda ta nuna lambar aikin, da rana, da yawan kuɗi, da ladar da anka cire. Saƙon nan da ke shigowa wayarka, shi ne resinka. Kada ka goge shi. In gardama ta tashi, da lambar nan kamfani ke bin sawun kuɗinka.

Na ukku, lambar sirri. Ita ce makullin rumbunka. Mun san da yawa suna miƙa waya ga yaron maƙwabta ko ga mai cajin batir, su faɗa mashi lambar da ƙarfi cikin taro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lambobi ne ƴan kaɗan, wanda ya iya riƙe ranakun kasuwa bakwai da kai ya iya riƙe su. Kada ka zaɓi 1234 ko 0000, su ɓarawo ke fara gwadawa. Layin kuma ya zama da sunanka anka yi mashi rajista, don ran da waya ta ɓace, da katin shaidarka za a maido maka layi da abin da ke ciki.

Na huɗu, ƴan damfara. Wani zai kira ka da murya mai taushi ya ce: «Alhaji, don Allah na yi kuskure na tura maka kuɗin maganin mahaifiyata, maido mani.» Ka duba, ga saƙo kuwa ya shigo. To, saƙon daga wayarshi ya fito, shi ya rubuta shi da hannunshi. Kafin ka maida ko dala, duba abin da ke cikin asusunka. In bai ƙaru ba, ba abin da ya shigo. Wani kuma zai ce ka ci kyauta, ka aiko kuɗin takardu. Wani ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ka ba shi lambar sirri ya gyara maka layi. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirrinka. Kashe waya, ka tafi reshensu ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

GA MAI KANTI DA MAI TEBUR

Ku ma abin ya shafe ku, tun da masu saye sun fara cewa «bari in tura maka». Kada kaya su fita sai ka ga kuɗin cikin taka waya. Abin da mai saye ya nuna maka cikin tashi ba shaida ba ne.

Sai kayen bashi. Mun ga kaye da yawa inda uban gida ke rubuta dala, yaronshi na rubuta tamma, duk bisa shafi guda. Ran biya, 200 ɗin nan jika guda ce ko dala arba'in? Nan zumunci ke ɓaci, har a kai gaban mai gari. Ku zaɓi ƙidaya guda, ku rubuta ta bisa bangon kaye, da boko ko da ajami. Shawararmu ita ce ku zaɓi tamma, don ta yi daidai da waya da resin babban ɗan kasuwa da ke ba ku kaya.

GA YARAN DA KE BAKIN TAGA

Wanga sabon ciniki ya sama ma ƴaƴanmu aiki, maza da mata, musamman waɗanda sunka yi lakkwal. Amma aiki ne mai nauyi. Yaro yana juya miliyoyin da ba nashi ba tun safe har dare. In ya ƙara sifiri guda, ko ya karɓi jabun takarda, ko ya tura ga lambar da ba ita ba, sau da yawa daga albashinshi ake cirewa. Akwai mai yin wata biyu yana aiki don biyan kuskuren minti guda.

Ya ku samari, kafin ku kama aiki ku nemi a rubuta yarjejeniya: nawa ne albashi, ƙarfe nawa ake buɗewa da rufewa, in kuɗi sunka kasa ƙaƙa za a yi. Ku ƙidaya kuɗin akwati tare da uban gida safe da marece, kowa ya sa hannu. Kafin ku tura, ku karanta ma mai kuɗi lambar waya da yawan kuɗin da ƙarfi, da dala, ya ce i. Ku sani kuma ƙasa tana da dokar ƙwadago ta 2012, kuma tun watan Janairu na 2024 albashi mafi ƙanƙanta ya tashi daga 30.047 zuwa 42.000, wato jika arba'in da biyu. In magana ta gagara tsakaninku da uban gida, akwai sufetan ƙwadago cikin babban birnin jaha.

Ku kuma iyayen gida, yaron da ya yini bai huta ba shi ke kuskure. Hutunshi tsaron dukiyarku ne. Ku ma yara, tsoho in ya zo bai iya karatu ba, amana ce ya kawo maku. Ku ji tsoron Allah.

KIRA GA KAMFANONI

Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta maida Hausa harshen ƙasa. To, mi zai hana saƙon da ke shigowa wayar baƙauye ya zo da harshen da yake ji? Mi zai hana a liƙa allon kuɗin aike bakin kowace taga da manyan lambobi, tamma gefe guda, dala gefe guda? Mutum in ya gane abin da ake yi da kuɗinshi, hankalinshi ya kwanta, gobe ma zai komo.

Mu ma sai mun tashi. A 2009 da 2010 an gwada koya ma manya karatu tare da salula cikin ƙauyukan Doso da Damagaram, anka tarar sun fi riƙe rubutu da lissafi bisa waɗanda sunka koya da allo kaɗai, don kullum wayar tana aljihu suna bita. Saboda haka mai zuwa ajin yaƙi da jahilci bana ya zo da wayarshi tare da kaye da bik. Lambobi goma ne kawai, daga 0 zuwa 9. Rani guda ya isa.

Ga aikin gida, ku yi shi tare bakin masallaci ko wurin hira. Na ɗaya: ƙaƙa ake rubuta jika tara da ɗari da hamsin cikin waya? Na biyu: an aiko ma wata mata 2.350, nawa ke nan da bakin kasuwa? Na ukku: wane ya fi yawa, 80.500 ko 8.950? Wanda ya iya ya nuna ma wanda bai iya ba. Amsa tana fitowa wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Allah ya tsare mana guminmu, ya maido matafiya gida lafiya. Amin.