Matuƙa Jirgin Sama Da Ma'aikatan Hasumiya Su Riƙa Sauraron Juna

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi tsokaci kan rashin jituwar da ake samu tsakanin matuƙa jirgin sama da ma'aikatan hasumiya, wato masu ba jirgi izinin tashi da sauka ta rediyo.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Utai da wannan magana? Ruwanmu kuwa har tsundum. Mu ne muke sayar da shanu a kasuwar Wudil ranar Juma'a, mu haɗa da kuɗin gyaɗa, mu biya kujerar Makka. Da zarar an rufe ƙofar jirgi a filin Malam Aminu Kano, to bayan ikon Allah, ran alhaji yana hannun mutum biyu ne da ba sa ganin juna, sai dai su ji murya.

Kowannensu yana da nasa ƙorafi. Matuƙi ya ce an bar shi yana ta shawagi mai yana ƙonewa, ga rediyo na ƙara, ga mai hasumiya na zuba magana da sauri. Shi kuma mai hasumiya ya ce jirage da yawa ne a wuyansa, kowa na son a fara sallamarsa, wani matuƙin ma ba ya maimaita umarni yadda doka ta ce. Duk suna da gaskiya, amma idan aka samu kuskure, fasinja ne a ciki.

Mu tuna ranar 11 ga Yuli, 1991. Jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato tayoyinsa suka fashe wajen tashi, wuta ta kama. Da matuƙin ya kira hasumiya, sai ya ambaci sunan kamfanin Kanada mai jirgin, maimakon sunan Nijeriya da aka san tafiyar da shi. Mai hasumiya ya ɗauka wani jirgin Saudiyya ne ke magana, aka yi wajen minti 3 ana ruɗani. Wutar ce ta kada jirgin, amma abin tsoro ne jirgi na ci da wuta ba a san wa ke neman taimako ba. Mutum 261 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Sai kuma ranar 29 ga Oktoba, 2006, a Abuja. Hasumiya ta sanar cewa iska ta yi ƙarfi. Matuƙin wani jirgi ya ce shi zai jira, amma jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya tashi, bai yi nisa ba ya faɗi. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. A Jidda an yi magana ba a gane ba, a Abuja kuwa an ji amma ba a dakata ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, jirage biyu suka yi karo a kan titin jirgi cikin hazo, domin matuƙi ɗaya ya zaci an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba. Mutum 583 suka mutu. Bayan nan ne aka ƙara tsaurara ƙa'idar magana, kalmar tashi ma ba a furta ta sai wajen ba da izini ko soke shi.

Don haka ina kira ga hukumar kula da sararin samaniya ta NAMA da ta tabbatar kowane rediyo yana aiki, ta kuma ɗauki isassun ma'aikata, domin mai gajiya ba ya ji da kyau. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda ke horar da ɓangarorin biyu, ta riƙa haɗa su zama ɗaya kowa ya san wahalar ɗan'uwansa. Ko a tashar mota, direba da kwandasta in ba sa jin maganar juna, ba mai son shiga motarsu.

Mu ma alhazai da 'yan kasuwa akwai namu. Idan aka ce jirgi ya dakata saboda hazo ko hadari, mu daina hayaniya da zagin ma'aikata, domin matsin lambarmu yana iya sa a yi gaggawa. Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Gara a kwana uku a sansanin alhazai da a kai wa iyali saƙon ta'aziyya.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.

Naka mai karatu a kullum,
daga Utai, Ƙaramar Hukumar Wudil,
Jihar Kano.