Kafin Ka Sayi Fom Ɗin Digirin Digirgir

Wani matashi da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata masana'antar fata a Challawa ya zo mini da albishir kwanakin baya: ya sayi fom ɗin digirin digirgir. Yana so ya yi bincike a kan kuromiyam, sinadarin da ake jimar fata da shi, wanda ragowarsa ke bin magudana ta faɗa kogi. Na yi masa tambaya biyu. Wane malami ne zai duba maka aikin? Ya ce sai sashe ya raba. Da me za ka ci abinci, ka sayi sinadarai, har shekara uku ko huɗu? Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, Allah zai rufa asiri."

Amin. Amma amsar nan ta dame ni, domin ita na bayar lokacin da na sayi nawa fom ɗin, kuma sai da na shekara bakwai kafin na fita.

Mu fara da malami, tunda shi ne ba a son a taɓa. A jami'o'inmu ɗalibi yana zaɓar sunan makaranta, yana zaɓar sashe, amma mutumin da zai riƙe rayuwarsa a hannu na tsawon shekaru, wannan sai yadda rabo ya faɗa. Babina na biyu ya yi wata bakwai a but ɗin motar malamina. Ba mugu ba ne, ina faɗa tsakanina da Allah. Yana da ɗalibai fiye da yadda zai iya tuna sunayensu, yana koyarwa a nan, yana koyarwa a wata jami'ar, ga tarurruka. Idan na kira sau biyu a mako, na zama mara kunya. Idan na yi shiru, na zama mara himma. To wa ya ce tambayar tarihin malami rashin ladabi ce? Ko ɗinki za ka kai, sai ka tambayi waɗanda telan ya taɓa yi wa. Ka nemi tsofaffin ɗalibansa: mutum nawa suka gama, cikin shekara nawa, babi yana kwana nawa a wurinsa? Kuma in aikinka a kan ruwan masana'antu ne, ka tambaya ko ya taɓa taka ƙafarsa Sharada. Kamata ya yi ma kowane sashe ya liƙa waɗannan alƙaluma a allo, kowa ya gani. Ba za su yi ba, na kuma san dalili.

Sai kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, zirga-zirga daga Challawa zuwa sabuwar harabar Jami'ar Bayero da ke kan hanyar Gwarzo ta zama wani haraji na daban. Duk samfurin ruwan da za a auna, biya ake yi, kuma daga aljihun ɗalibi. A 2022 ƙungiyar ASUU ta yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur. Mai gidan haya bai shiga yajin ba, mai shinkafa ma haka.

Wani zai ce ai sai a fita waje. A fita, amma a karanta takardar da kyau. A ƙasashe irin su Holan, Suwidin da Norwe, gurbin digirgir aiki ne: ana tallata shi, ana sa hannu a kwantiragi, ana biyan albashi, kuma tun kafin ka nema ka san malamin da za ka yi aiki da shi. A wasu wuraren kuwa, takardar ba ka gurbi ba ta ɗauke da komai sai lissafin abin da za ka biya. Dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Wanda ya tafi da kuɗin gonar gado a aljihu ya san abin da wannan ke nufi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Kamfanonin Sharada, Challawa da Bompai suna cikin waɗanda suka riƙa biyan harajin ilimi, wanda ya kai kashi 3 cikin 100 na riba a 2023, kuma da shi asusun TETFund ya riƙa aiki. Amma tallafin karatun asusun na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Ba na yi musu hassada, sun cancanta. Sai dai yaron da ke tsaye kan kwatamin masana'anta, wanda ya san warin ruwan da launinsa safe da yamma, ba shi da ƙofa ko ɗaya a wurin.

Su ma masu masana'antun ba zan ƙyale su ba. Kullum kukansu wuta da dizal da kayan waje, kuma gaskiyarsu ne, duk wanda ya zaga Bompai ya ga ƙofofin da tsatsa ta cinye. Amma ruwan Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, manoman rani suna ban ruwa da shi, latas da kabejin suna shigowa kasuwa, mu ci, su ma su ci. An rubuta kundi a kan kundi game da wannan, suna can ƙura na hawansu. Kuɗin ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya, a ba shi matsalar kamfani ya warware, bai kai na gyaran janareta guda ba. Me ya hana ƙungiyarsu ta MAN ta zauna da jami'o'in Kano a kan haka?

Matashin ya dawo bayan mako biyu. Ya gana da tsofaffin ɗaliban malamai biyu da ake ganin ɗayansu za a ba shi. Na farkon ɗalibansa uku da ya samu duk sun wuce shekara shida, ɗaya ma ya bari. Na biyun ba farfesa ba ne tukuna, amma yana dawo da babi cikin wata guda, da jan biro har bayan takarda. Ya rubuta wa shugaban sashe yana roƙon a haɗa shi da na biyun. Ya kuma kai wa manajansa takarda, yana neman a bar shi ya riƙa auna samfuransa da injin kamfani bayan an tashi aiki. Manajan ya ce zai yi magana da Alhaji.