Albashin Malamin Firamare Magana Ce Ta Iyaye Mata

Yau za mu ɗan ajiye zancen zazzaɓi da abincin yaye, mu taɓa wata magana da galibi muke bar wa maza a majalisa da 'yan siyasa a rediyo, wato yajin aikin malaman firamare da albashinsu.

A ranar 24 ga Maris, 2025, malaman firamare na gwamnati a Babban Birnin Tarayya Abuja suka ajiye alli. Makarantu a ƙananan hukumomi shida, wato Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, suka kasance a rufe har farkon watan Yuli. Kwana ɗari da 'yan kai ke nan, kusan zangon karatu guda. Babban abin da suka nema shi ne a fara biyan su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu tun watan Yulin 2024, tare da bashin wasu alawus-alawus da suke bi. Sai da ministan Abuja, Nyesom Wike, ya shiga tsakani, aka yarda a ɗebi wani kaso na kuɗin shigar ƙananan hukumomin a rage bashin, sannan ƙungiyar malamai ta NUT ta janye.

Wannan a Abuja ke nan, inda fadar shugaban ƙasa take. Don haka mu da muke Kano, Gusau, Bauchi ko Yola kada mu ce abin ya yi mana nisa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu ma ma'aikatan jinya mun san yajin aiki, kuma mun san zafin zagin da ke biyo bayansa. Amma akwai bambanci. Ranar da aka rufe asibiti, kafin la'asar kowa ya ji a jikinsa: mai naƙuda tana ƙofa, yaro na suma, 'yan jarida sun iso. Ranar da aka rufe firamare kuwa, shiru kake ji. Ba jini, ba kuka, yara ma murna suke yi. Ciwon sai bayan shekaru yake bayyana, lokacin da yarinya ta kai aji shida ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba. Kamar hawan jini ne, yana cin mutum a ɓoye. Shi ya sa ake iya barin makarantu a kulle wata uku ba wanda ya rasa barci.

Ga abin da nake gani a wurin aiki. Uwar da ta iya karatu tana duba jikin kwalbar magani ta gane cokali nawa, sau nawa a rana. Tana karanta katin rigakafi ta san ranar komawa. Tana iya lura cewa maganin da aka sayar mata a kemis wa'adinsa ya wuce. Wadda ba ta samu wannan dama ba sai ta dogara da abin da ta iya riƙewa a ka, ko abin da makwabciya ta faɗa mata. An daɗe da tabbatar da cewa 'ya'yan matan da suka yi karatu sun fi tsira daga cututtukan ƙuruciya. To wannan karatun a ina ake fara shi? A gaban malamin aji ɗaya da aji biyu, wanda ake jayayya a kan ko ya cancanci naira 70,000, wato abin da bai kai 2,400 ba a rana.

Kuma makaranta ba wurin karatu kaɗai ba ce. A nan ake samun yara a tattare a ba su maganin tsutsar ciki. Rigakafin cutar sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, makarantu na cikin wuraren da ake bin su a yi musu. Sannan duk mun san abin da ke faruwa da yarinyar da ta zauna a gida wata uku: a ɗora mata farantin talla "kafin a koma", idan an koma kuma a ga cinikin ya yi daɗi.

Muhawarar da ake yi a kan malamai ta kasu gida biyu. Wasu na cewa matsalar malaman ce, ba su san aikin ba. Hujjarsu ita ce Kaduna. A shekarar 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba, ta sallame su. NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018, tana cewa ba gwamnatin jiha ce ke da hurumin tantance malami ba, aikin hukumar rajistar malamai ta TRCN ne. A 2022 aka sake sallamar wasu fiye da 2,000. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa a fara biyan mutum haƙƙinsa tukuna, sannan a tambaye shi aiki.

A matsayina na uwa, ba zan yarda a bar wanda bai iya karatu ba yana koyar da ɗana, kamar yadda ba zan yarda wadda ba ta iya allura ba ta taɓa jaririn wata. Tantancewa dole ce. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wa ya ɗauki waɗannan malaman aiki tun farko, kuma da takardar wane ɗan siyasa suka zo? Sannan idan an kori mara ƙwarewa, wane mai ƙwarewa ne zai zo ya zauna a aikin da ba ya ciyar da gida? Matashi mai takardar NCE da kaifin ƙwaƙwalwa, da zarar ya sami wata kafa zai fice. Wanda ya rage kuma sai ya haɗa da acaba ko tireda, ya shigo aji a gajiye. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Muna ganin irin wannan a namu fannin, ƙwararrun ma'aikatan jinya na ta tafiya Ingila da Saudiyya saboda dalili ɗaya.

Alkawari kam an sha yi. A Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, 2020, gwamnatin marigayi Shugaba Buhari ta yi shelar tsarin albashi na musamman ga malamai da ƙarin shekarun aiki. Batun shekarun ya zama doka a 2022: malami zai yi ritaya yana da shekara 65, ko bayan shekara 40 yana aiki. Albashin na musamman kuwa, malamai na nan suna tambayar inda aka kwana.

Akwai abin da ya kamata kowace uwa ta sani, domin ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Albashin malamin firamare daga kason ƙaramar hukuma yake fitowa, hukumar SUBEB ta jiha da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ke kula da biyansa. Kuɗin da hukumar UBEC ta tarayya ke bayarwa na gine-gine ne da kayan aiki da horaswa, ba na albashi ba, kuma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Shi ya sa za ki ga sabon aji da fenti mai sheƙi, malamin da ke ciki kuma yana bin bashi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wannan na nufin ciyaman da kansilan da muka yi layi muka zaɓa ba su da inda za su ɓuya idan aka zo wannan tambaya.

Wadda 'ya'yanta ke makarantar kuɗi ma kada ta ce ba ruwanta. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantun unguwa da yawa a nan suka faɗa. Idan kin ga ana canja wa ɗanki malama kowane zango, ki tambayi dalili.

To me za mu iya yi daga inda muke?

Na farko, mu daina barin taron iyaye da malamai ga maza kaɗai. Makarantun gwamnati suna da kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, kuma akwai gurbin mata a ciki. Ki je, ki tambaya: malamai nawa ne a nan, yara nawa ne a aji, an biya albashin watan jiya?

Na biyu, idan masu neman ƙuri'a suka shigo da atamfa da sabulu, mu haɗa baki da matan unguwa da na Islamiyya mu yi musu wannan tambayar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, idan yajin aiki ya zo, kada littafi ya shiga ƙarƙashin katifa. Rabin awa bayan sallar la'asar ya isa: yaya ta karanta wa ƙani, ƙani ya kwafa. Ko ke ba ki yi boko ba, ki zauna kusa ki ce ya karanta miki. Farantin talla kuma a yi haƙuri da shi.

Na huɗu, komai ɓacin ranmu, kada mu zagi malami a gaban yaro. Gobe gabansa zai koma ya zauna, kuma yaro ba ya ɗaukar karatu daga wanda ya ji uwarsa ta raina.

Malamai ma muna roƙonsu, idan an biya su, su zo aji a kan lokaci su riƙe amana, domin 'ya'yan talakawa ne a hannunsu, waɗanda ba su da wata makarantar da za su koma.

Ina son jin ta bakinku a ƙasa. A garinku ana biyan malaman firamare a kan kari? Kin taɓa halartar taron makarantar ɗanki, kuma me kika tarar? Malamai mata da ke karanta wannan fili, ku ma ku faɗa mana yadda abin yake, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.