Gasar ches ta mata: Ƙofa ce, kada a mayar da ita katanga

Tun shekarar 1927 ake gudanar da gasar duniya ta mata zalla a wasan ches, darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai da ake bugawa a kan allo mai gida 64. Tun lokacin kuma ake tambayar dalilin ware wa mata gasa a wasan da ƙwaƙwalwa kaɗai ake gwadawa. Masu cewa mata ba za su iya karawa da maza ba, tarihi ya riga ya ba su amsa.

Vera Menchik, wadda aka haifa a Mosko ta koma Ingila da zama, ita ce ta fara lashe kambun a Landan. Ta riƙe shi har 1944, lokacin da wani makamin roka na Jamus ya faɗa gidansu ya kashe ta. Menchik ta riƙa shiga gasar maza, inda aka yi ta yi mata ba'a, har ake kiran duk namijin da ta doke da ɗan ƙungiyar Menchik. Cikin waɗanda suka sha kashi a hannunta akwai Max Euwe na ƙasar Holan, wanda ya zama gwarzon duniya a 1935.

Daga 1950 zuwa 1991 kambun bai bar Tarayyar Sobiyat ba, domin gwamnati ce ke ɗaukar nauyin masu horarwa da kulob-kulob na yara. Nona Gaprindashvili 'yar Jojiya ta riƙe shi daga 1962 zuwa 1978, kuma ita ce mace ta farko da hukumar ches ta duniya, FIDE, ta bai wa lambar babban gwani, wato GM. 'Yar ƙasarsu Maia Chiburdanidze ta karɓe kambun tana da shekara 17. Da Xie Jun ta kai shi ƙasar Sin a 1991, sai 'yan mata suka yi ta biyo sawunta, har zuwa kan Ju Wenjun da ta hau a 2018. Inda duk aka zuba kuɗi da horo, gwanaye mata sun fito.

Judit Polgar 'yar Hangari ta bi wata hanya daban. Mahaifinta ne ya horar da ita da yayyenta biyu, Susan da Sofia, a gida, kuma ba ta taɓa neman kambun mata ba. Ta zama GM a 1991 tana da shekara 15, inda ta karya tarihin da Bobby Fischer ya kafa. A 2002 ta doke Garry Kasparov a wasan gaggawa a Mosko. A 2005 ta kai maki 2735, ta zama ta takwas a duniya tsakanin maza da mata. Har yau babu macen da ta sake shiga jerin goma na farko.

Wasu na kallon wannan a matsayin hujjar cewa Judit ɗaya ce tilo. Amma ya kamata a duba adadin masu buga wasan. Kimanin mutum ɗaya ne cikin goma na 'yan wasan da FIDE ta yi wa rajista mace. Idan maza tara suka shiga fage mace ɗaya ta shiga, ba abin mamaki ba ne maza su cika sahun gaba. A cikin masu lambar GM kimanin 2,000, matan ba su kai 50 ba. Waɗanda suka shigo ma ba dukansu ke zama ba. A 2023 wasu 'yan wasa mata a Faransa suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa kan cin zarafi da tsangwamar da suke fuskanta, suna cewa hakan na cikin abubuwan da ke korar 'yan mata daga wasan.

Saboda haka muna ganin bai dace a soke gasar mata ba. Ita ce ke bai wa yarinya wurin da za ta fara ba tare da ita kaɗai ce mace a zaure ba, ita ce kuma ke samar da kuɗin da 'yan wasa mata da dama ke rayuwa da shi. Inda gyara yake shi ne lambobin girma. Ana buƙatar maki 2500 kafin a zama GM, amma 2300 kawai ake nema a lambar babbar gwana ta mata. Yarinyar da aka kira babbar gwana a wannan matakin, an faɗa mata a fakaice cewa ta iso, alhali da sauran tafiya.

Hou Yifan, wadda ta zama gwarzuwar duniya a 2010 tana da shekara 16, ta nuna wannan damuwa a fili. A gasar Gibraltar ta 2017 ta faɗi wasanta na ƙarshe da gangan cikin motsi biyar, don nuna rashin jin daɗin yadda aka yi ta haɗa ta da mata a gasar da kowa ke shiga.

Ya kamata FIDE ta sake nazarin waɗannan lambobi, masu shirya manyan gasa su riƙa gayyatar mata, a kuma hukunta duk mai horarwa ko ɗan wasan da aka samu da cin zarafi. A 2025 Divya Deshmukh 'yar Indiya mai shekara 19 ta lashe kofin duniya na mata, ta kuma samu lambar GM. Abin da za a auna hukumar da shi yanzu shi ne yawan teburan da irin su Divya za su zauna a kansu suna fuskantar manyan gwanayen duniya.